Ranar da Aka Kira Abarshi a Ofishin Haraji

Duk wanda ya taɓa sayen daddawa a kasuwar Kibiya ya kai gida aka ce masa miya ta yi, to ta Laraba 'yar ƙauyen Zurgu ya saya, ko ya sani ko bai sani ba. Gajeriyar mace ce, baƙa, hannunta kamar ɓawon kuka saboda wankin kalwa. Ba ta ragi. In ka yi mata tayin wulaƙanci sai ta rufe kwanonta ta ce ka je kanti ka sayi dunƙule, ai shi ma a miya ake jefa shi. Bakinta kowa ya san shi. Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne matar nan wabi ta yi, wabi irin wanda ake rage murya in za a faɗa: ta haifa, ta goya, ta binne.

Mijinta Isiyaku manomi ne mai ɗan taɓa karatu, shi ya sa yake son manyan sunaye. Na fari ya sa masa Nuruddeen. Yaro ya yi ɓul-ɓul, ya fara zama, har ya kai in an kira sunansa ya waiwayo yana dariya da dasashi. Bai ga wata damina ba. Sai Sakinatu, sai Shamsuddeen, sai Fatima Zahra'u, kowanne da ragonsa, da maroƙinsa yana kwarara suna a ƙofar gida har a ji a gona. Kowanne kuma da ya iya waiwayowa sai ya tafi. Wasu suka ce maita ce, wasu suka ce iska, malamin asibiti a Rano ya ce ƙyanda ce da ruwan kududdufi. Laraba ba ta yi musu da kowa ba. Ita dai ga abin da idonta ya gani: ana kira, yaro yana amsawa, akwai kuma wadda take laɓe tana koyon sunan. Ba ta taɓa ce mata mutuwa ba. Mai laɓe take ce mata.

Da ta haifi na biyar, namiji, sai ta sa aka kira mata Isiyaku bakin ɗaki. Mai jego ce, muryarta ba ta fita sosai, amma ya ji. Ta ce ya yi wa ɗansa huɗuba da duk sunan da ya ga dama, a kunne. Ya faɗa wa liman, a kunne. A yanka rago, a raba goro, amma maroƙin da ya ɗaga murya da sunan nan, ita da shi har gaban Allah. Ranar suna da sassafe aka ɗauki jariri aka kwantar a kan juji. Wata tsohuwar maƙwabciya ta zo kamar wucewa take, ta leƙa, ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai kayan juji ne, wa zai so shi? A bar shi." Sannan ta ɗauko shi ta kawo wa uwarsa. Sunan da ya bi shi ke nan: Abarshi.

Aka kuwa bar shi. Ya yi ƙyanda ya tashi, ya faɗo daga kan ɗorawa ya tashi, ya yi allo ya yi gona. Daga kansa haihuwa ta tsaya mata, ita ma ba ta nema ba. Sunansa na yanka mutum uku suka sani. Liman ya rasu da nasa, Laraba ta haɗiye nata. Isiyaku ne ya yi mata ta'asa: yana kan gargara ya jawo ɗan ya raɗa masa. Har yau in an ambaci marigayin takan ce Allah ya ji ƙansa, amma ya fita ya bar mata ƙofa a buɗe.

Abarshi da jaki ya fara, yana kai dawa Kibiya ranar kasuwa. Daga jaki sai awo, daga awo sai sito, har ta kai shi ke loda motoci zuwa Dawanau. Ya je Makka da sunan Abarshi Isiyaku ya dawo lafiya. Ya biya wa uwar ita ma, ta je ta dawo ta koma kan kalwarta, ta ce aikin hajji bai hana miya neman daddawa. Da soja suka koma bariki farar hula suka karɓa, sai kwangila ta buɗe: makarantun kwana na son masara da wake, amma ba a ba mutum sai kamfani. Wani lauya a Kano ya yi masa rajista, Abarshi da 'Ya'yansa Limitid. Laraba ta tambaye shi mene ne kuma limitid. Ya ce lauya ya ce kamfani shi ma mutum ne a wajen hukuma, da sunansa da lambarsa, in ya faɗi ba ya faɗuwa da mai shi.

"To madalla," in ji ta. "An yi maka ƙane ba naƙuda."

Sannan Shari'a ta zo. Lokaci ne da kowa ya koma yana duba kansa, daga tsawon wando har mudun awo. A Kibiya akwai Malam Zakiyyu mai makarantar Islamiyya. Mutumin kirki ne, ba laifi, sai dai irin malaman nan ne da ba sa ganin ƙulli su wuce ba su kwance ba. Abarshi yana zuwa karatunsa bayan la'asar. Ran nan malam ya dube shi cikin mutane ya ce, "Alhaji, wannan suna naka ba suna ba ne, roƙo ne. A bar shi. To wa ake roƙo? In Allah ne, ba a yi masa wayo. In kuwa wani ne, ka ga inda maganar ta nufa."

Maganar ta zauna wa Abarshi a ƙirji kamar ɗanyen tuwo. Bakin kasuwa ya fi ƙarfinsa, amma abin da ke hannunsa yana iya juya shi. Ya koma wajen lauya aka sake wa kamfani suna. Aka sauke allon sito aka ɗora sabo, mai fenti ya bi ƙofofin motoci yana gogewa yana rubutawa.

Laraba ta zo wucewa da kwanonta a ka, ta ga allon ya ƙara tsawo. Ba ta karatu, amma ta san tsohon rubutun kamar yadda ake sanin fuska. Ta shiga gidan ɗan, ta samu matarsa Ramlat tana tankaɗe.

"Ke, me aka rubuta a sito?"

Ramlat ta sunkuyar da kai. "Sunan mai gidan ne, Inna."

"Na san sunan mai gidan, ni na goya shi. Wannan ya fi shi tsawo."

"Na yankan ne."

Laraba ta sauke kwano ta zauna a kan turmi, abin da ita da kanta take hana jikoki. Tana nan har Abarshi ya shigo, ta yi masa tas. Ta ce shekara hamsin tana rufe tukunya, shi ya zo ya rataye murfin a bakin titi. Ya durƙusa ya ce, "Inna, Malam ya ce camfi ne. Rai da ajali na Allah ne."

"Ni ma da Allah nake. Amma na san ba Shi kaɗai ke sauraro ba. Shi Zakiyyun, 'ya'ya nawa ya binne?"

Allo dai bai sauko ba.

Da kwana ya yi kwana sai ta samo wa zuciyarta mafita. Rubutu ba kira ba ne. Mai laɓe da kunne take aiki, ba ta yi boko ba. Da ta kasa kunne kuma sai ta ji ba abin da ya canja a bakin mutane. 'Yan dako Alhaji suke cewa, abokan kasuwa Abarshi, 'ya'yansa Baba, matarsa ba ta faɗin sunan miji ko da wuƙa a wuya. Shi kansa Malam Zakiyyu da ya tayar da zancen, Alhaji yake ce masa. Sunan yana ta yawo a jikin motoci daga Rano har Kano, amma ba wanda ya taɓa jefa masa shi ya cafe. Hankalinta ya ɗan kwanta, irin barcin zomo, ido buɗe.

Sai lokacin sabunta kwangila ya zo, aka dawo wa Abarshi da takardunsa. Takardar kamfani tana ɗauke da sabon suna, takardar shaidar biyan harajin tarayya tana ɗauke da tsoho. Aka ce masa wannan mutum biyu ne, ya je ya mayar da su ɗaya. Lauya ya ce ba wuya, ofishin haraji ne na Kano ba a sanar da su canjin ba. Sai mai kamfani ya je da kansa da shaidar sauya suna, ya sa hannu a gabansu.

A tsakar gidan uwar yake ba da labarin, yana cin ɗumame, kamar ba komai ba.

"A can yaya ake yi?" in ji Laraba.

"Ba komai, Inna. Ka miƙa takarda, ka zauna a benci, in an zo kanka masinja ya kira ka."

"Ya kira ka da me?"

Loma ta tsaya a hannunsa.

"Tambayarka nake. Da me zai kira ka?"

"Sunan kamfani ne ai, ba nawa ba."

"Kamfanin ne zai miƙe ya ce na'am? Yana da baki?"

Ya yi ta lallashi. In bai je ba babu kwangila, masarar da ya tara ƙwari za su cinye, manoman Zurgu da Zinyau da suka zuba masa amfaninsu su ce ya ci amana. Ta ce ya tura lauya. Ya ce hannunsa ake so. Ta ce ya mayar da tsohon sunan. Ya ce da wane ido zai dubi Malam da jama'a, a ce Alhaji ya koma camfi don tsoron mutuwa? Tana iya ce masa in ya je ba ta yafe ba, ta kuma san in ta faɗa zai zauna. Amma ɗa guda ba a yi masa baki, ko na wasa.

"To ni ma za ni," ta ce.

Da hantsi suka kama hanya. Shi yana gaba kusa da direba, ita a baya da carbi, idonta a kan ƙeyarsa. Furfura ta fito masa a wurin, ba ta taɓa lura ba. Sun wuce Bunkure ta ga gawar wata mota a gefen hanya, ta ƙone ta yi tsatsa, ciyawa ta fito ta tagoginta. Ta kau da kai. Direba ya sa kaset ɗin wa'azi, ta ce ya kashe.

Ofishin a bene yake. Ta hau matakala tana dafa bango, ba ta yarda ya riƙe ta ba. A sama ɗaki ne mai faɗi, fanka tana juyawa da wata ƙara kamar ana wasa wuƙa. Mutane jere a benci, kowa da fayil a cinya, ba mai yi wa wani magana. Ita dai ba ta taɓa ganin inda jama'a suka taru haka babu gaisuwa ba sai asibiti.

Ma'aikacin da ya karɓi takardun saurayi ne mai fara'a, ɗan birni. Ya gaishe ta har da russunawa, ya buga wani abu a kwamfuta ya ce, "Ga shi nan. Ai abu ne mai sauƙi, Alhaji. Za mu sa sabon sunan a sama, tsohon a ƙarƙashinsa, a nuna wanda a da ake kira kaza."

Laraba ta matso bakin tebur. "Yaro, a haɗe za ku sa su?"

"A haɗe, Hajiya. Don kada a ɓata."

"Wa zai ɓata?"

"Mai nema mana. Wanda ya zo da tsohon suna a nuna masa sabo, wanda ya zo da sabo a nuna masa tsoho."

"In kuma mutum ba ya so a same shi fa?"

Saurayin ya yi dariya. Ya ɗauka irin tsofaffin nan ne masu tsoron haraji. "Hajiya, ai mu ba suna muke bi ba, lamba muke bi. Tun ranar da aka haifi kamfani aka ba shi ita, ba ta canjawa. Ya sake suna sau goma, ya koma wani gari, in lokacinsa ya yi za mu same shi. Ba wanda ya taɓa ɓace mana."

Da alfahari ya faɗa, yana daidaita takardu. Laraba ta dubi yaron, fuskarsa sumul, ba alamar ya taɓa zuba ƙasa a kan kowa. Bai san abin da ya faɗa ba, shi ne abin tsoron.

Aka ce su zauna, babban jami'i zai kira su a sa hannu. Suka samu wuri a benci, ta manne da ɗanta har gefen rigarsa yana ƙarƙashin cinyarta. Masinja wani dattijo ne mai ƙatuwar murya irin ta maroƙa. Sai ya leƙo daga ƙofa da fayil, ya kwarara sunan kamfani, wani ya ce na'am ya miƙe, ƙofa ta rufe a bayansa. Laraba ta lura waɗanda suka shiga ba sa fitowa. Ta tambayi na kusa da ita, ya ce akwai wata ƙofar ta baya. Bai rage mata komai ba.

A kan bencin nan ta yanke shawara. Hana kira ya fi ƙarfinta. Amma kira ba ya cika sai an amsa, kuma mai laɓe murya take bi. In sunan ya fito aka amsa da muryar tsohuwa, to tsohuwa ce mai sunan. Ta ci zamaninta, me ya rage mata ban da wankin kalwa? Ta haɗiyi yawu ta jiƙa maƙogwaro, ta zamo gaba a bencin, ta kafa wa ƙofar ido.

Benci yana ta raguwa. Azahar ta kawo kai. Masinja ya leƙo, ya nisanta fayil da idonsa.

"Abarshi da..." Ya tsaya. "A'a, an ja layi a kan wannan." Ya gyara murya. "Abdulganiyyu!"

Sunan da ba ta taɓa ji a sarari ba ya daki bango ya dawo.

"Na'am!"

Da duk ƙarfin da take tallar daddawa ta faɗa. Amma a gefenta, a daidai lokacin, muryar namiji ita ma ta ce na'am, a hankali, irin ta mutumin da ya daɗe yana so a kira shi haka.

Ɗaki ya fashe da dariya. Masinja ya ce, "Hajiya, ke ce Abdulganiyyun, ko kina cikin 'ya'yan nasa?"

"Ni aka kira, ni na amsa. Kunnenka ƙalau yake? To ka zama shaida."

"Ai ku biyu kuka amsa."

"Wa ya riga?"

"Wallahi Hajiya ban auna ba. Alhaji, bismillah, ana jira."

Abarshi ya zare rigarsa daga ƙarƙashinta, kunya ta rufe shi, ya shiga. Ƙofa ta rufe. Ba ta ja carbi ko ɗaya ba har ya zagayo ta baya ya tsaya a kanta ya ce an gama, su tafi.

A mota sai da suka bar gari ya yi magana. "Inna, yau kin ba ni kunya."

"Kunya ba ta kisa. Wa ya riga?"

"Ni ban lura ba."

"Ka lura. Bakinka ne."

Can ya ce, "Ina jin ke ce."

Tun yana yaro in zai yi mata ƙarya sai ya sosa kunne. Ta zuba wa hannunsa ido. Mota ta faɗa rami, hannun ya tashi ya koma. Ko hula ya gyara ko kunnen ya taɓa, ba ta iya cewa ba.

Kwangila ta fito, motoci suka yi lodi. Laraba kuwa ta shiga shiri. Ta raba tukwanen daddawarta ga matan unguwa. Ta aika Rano aka sayo mata likkafani ta sa a ƙasan adaka. Ta bi gida-gida a Zurgu tana neman gafara, matar da ba a taɓa jin ta ce wa kowa ya yi haƙuri ba, har wasu suka tsorata suka ɗauka ta taɓu. Ta je Kibiya wajen Malam Zakiyyu, ta tsaya daga soro ta tambaye shi: in an yi kira ɗaya mutum biyu suka amsa, wa ake ɗauka? Ya jawo mata aya, ya ce ba a jinkirta wa rai in lokacinsa ya yi, ba a gaggauta masa, wani kuma ba ya karɓar na wani. Gaskiya ya faɗa. Ta ce ta ji, amma ba abin da ta tambaya ke nan ba.

Ta koma gida ta zauna jira. Kaka ta wuce, rani ya wuce, aka yi shuka. Ko ciwon kai babu. Ciwon gwiwar da ya daɗe yana cin ta ma ya sake ta. Takan cinye tuwonta ba ta sani ba, sai ta ga kwano wayam ta ture shi da haushi. Maƙwabta suna cewa Laraba ta sake yarinta, Allah ya ƙara lafiya. Ba ta cewa amin.

Kullum da assalatu in ta buɗe ido sai ta kwanta shiru, ta bi jikinta gaɓa-gaɓa tana neman inda aka taɓa. Ƙirji lafiya, ciki lafiya, numfashi yana shiga yana fita. In ba ita mai laɓe ta ji ba, to shi ta ji ke nan.

Ran nan Abarshi ya biyo da sassafe, mota tana ruri a waje, zai raka kaya kudu. Ya durƙusa a bakin ɗakinta.

"Inna, an tashi lafiya?"

Ta daɗe tana dubansa. Ko 'yar rama ya yi, ko hasken safiya ne.

"Lafiya lau," ta ce. "Ba inda yake yi mini ciwo."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Sai na dawo."

Ta ji an rufe ƙofar mota, ta ji ta hau hanya. Ta tsaya riƙe da labule tana saurare har ƙarar ta ɓace a bayan gonaki. Sannan ta ɗora hannu a ƙirjinta ta sake dubawa. Zuciyar tana bugawa daram, kamar ta budurwa.